Kofi 24, amma rabonsu da shi tun 1993: ina matsayin Canadiens ta Montreal?

Malam Sanusi (Montreal): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kullum hirarmu a nan ƙwallon ƙafa ce, yau Madrid gobe Arsenal, har kunnena ya gaji. Yau ku ba ni aron zauren in kawo muku wani wasan dabam. Jiya da dare na ɗauki wani dattijo a tasi daga ƙofar Bell Centre, filin ƙungiyar Canadiens, bayan an tashi wasa. An cinye su, amma tun daga nan har gidansa bai yi maganar wasan jiyan ba, sai labarin yadda mahaifinsa ya kai shi tsohon filinsu, Forum, yana ɗan shekara tara. Shekarata goma sha shida a garin nan tun da na baro Damagaram, kuma na yarda babu wata ƙungiyar wasa da ta shiga jinin mutanen garinta kamar Canadiens. An kafa ta ranar 4 ga Disamba 1909, ta girmi ita kanta NHL, gasar ƙungiyoyin Kanada da Amurka da take bugawa, da aka kafa a 1917. Ta ɗauki Kofin Stanley sau 24. Mai bi mata, Toronto, 13 gare ta. Ni dai na ce a duk wasannin duniya, in ana lissafin manyan gidaje, dole a sa ta a sahun farko. Wanda yake da ja, bismillah.

Abba Fagge: Wa alaikumus salam Baba Sanusi. Kafin a kai ga ja, wane irin wasa ne ma? Wannan da suke sulu a kan ƙanƙara suna dambe?

Malam Sanusi (Montreal): Shi ne ɗana, ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, hoki. Mutum shida-shida ne har da gola. Takalminsu akwai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, da shi suke zamewa. Abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ce, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri da bai kai tafin hannu ba, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Zango uku ake yi, minti 20 kowanne. Saboda tsananin gudu mutum ba ya wuce kamar minti ɗaya a fili, sai ya fita wani ya faɗo, ana cikin wasa ba tare da an tsaya ba. Damben da ka gani kuwa gaskiya ne, hukuncinsa zaman minti biyar a benci.

Abba Fagge: Minti biyar kacal? A ƙwallonmu ai jan kati ne da dakatarwa. To yaushe rabon waɗannan manyan naka da kofi?

Nazifi Toronto: Abba ka yi tambayar da nake jira. Malam, ba shi amsa da bakinka.

Malam Sanusi (Montreal): 1993.

Abba Fagge: Innalillahi. Ba a ma haife ni ba. Baba ai wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Malam Sanusi (Montreal): Nazifi, kai da kake zuga yaro, faɗa masa naku rabon.

Nazifi Toronto: 1967 ne, ban ɓoye ba. Amma ka faɗa masa wa muka doke a wasan ƙarshe na shekarar. Ku ne. Shekarar da garinku ke karɓar baƙin baje kolin duniya, kun gama shirin ajiye kofin a nuna wa baƙi, muka zo muka ɗauke.

Amma bari in yi magana ta gaskiya, ba tsokana ba. Wannan 24 ɗin da Malam yake ta kaɗa mana, a duba yadda aka tara shi. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kaɗai a gasar: Montreal, Toronto, Boston, Detroit, Chicago da New York Rangers. Huɗu daga ciki ke wucewa zagayen neman kofi, ka doke biyu ka zama zakara. A wannan zamanin Montreal ta kwashi kofi goma. Yanzu ƙungiyoyi 32 ne, sai ka haye zagaye huɗu, kowane zagaye sai ka ci wasa huɗu cikin bakwai, wato nasara 16, wata biyu ana gwabzawa. Kofin da da na yanzu suna ne kawai ɗaya.

Malam Sanusi (Montreal): Madalla da ka kawo lissafi. Mu ƙarasa shi. Huɗu sun zo kafin 1942: 1916, 1924, 1930, 1931. Goma a zamanin ƙungiyoyi shida, na yarda. Sauran goman fa? 1968, 1969, 1971, 1973, sai huɗu a jere daga 1976 zuwa 1979, sai 1986 da 1993. Duk bayan an faɗaɗa gasar ne. Ko ka zubar da sha huɗun farko ka bar mana goman nan, babu ƙungiyar da ta kamo mu tun daga 1967. Kuma ku ma a zamanin shidan kuna nan, ba a hana ku ci ba. Da aka buɗe ƙofa kowa ya shigo ne kuka ɓace.

Usaini Edmonton: Nan kam Malam ya fi ka gaskiya Nazifi. Mu da muka yi zamanin Gretzky da Messier biyar muka tara, 1984 zuwa 1990.

Abba Fagge: Ni fa duk wannan bai burge ni ba. A wurina babbar ƙungiya ita ce wadda take ci jiya take ci yau, kamar Madrid.

Malam Sanusi (Montreal): Abba ka kawo kanka. Madrid ɗinka ta ɗauki kofin Turai biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, ko ba haka ba? To Canadiens ma ta ɗauki Kofin Stanley biyar a jere, daga 1956 zuwa 1960. Shekarun ɗaya ne cif, ka je ka duba. Har yau babu wanda ya maimaita wannan a hoki. Kuma in 'yan Barcelona suka ce muku kofunan zamanin talabijin baƙi da fari ne, ai har kumfar baki kake yi a zauren nan. Sannan daga 1966 zuwa 1998 Madrid ba ta taɓa kofin Turai ba, shekara 32. A lokacin ta daina zama babba?

Abba Fagge: Kai Baba, wannan shigar bayan gida ce. Ban shirya mata ba.

Garba Liverpool: Hahaha. Abba sha ruwa.

Nazifi Toronto: Akwai abin da Malam ba zai faɗa ba. A wancan zamanin babu tsarin zaɓen matasa irin na yanzu, inda ƙungiyar da ta fi rauni ke fara zaɓa. Kowace ƙungiya tana ɗaukar nauyin ƙananan ƙungiyoyi ne, yaron da ya sa hannu ya zama nata. Montreal kuwa lardinta na Quebec gaba ɗaya gonarta ce, kuma Frank Selke da ya riƙe ragamarta daga 1946 ya shimfiɗa wannan tsari har wasu lardunan. Jean Béliveau yana zaune lafiya a birnin Quebec yana buga wa Aces, ana biyansa da kyau, ya ƙi zuwa Montreal. Labarin da kowa ke bayarwa shi ne sai da aka mai da gasar da yake bugawa ta zama ta ƙwararru a 1953, sannan yarjejeniyar da ya taɓa sa wa hannu ta tilasta masa zuwa. Wannan ai ƙarfin aljihu ne.

Malam Sanusi (Montreal): Selke ɗin daga ina ya zo? Daga Toronto. Ku kuka kore shi da rigima, mu muka karɓa. Noma ya yi, ya girbe. Kuma da aka kawo tsarin zaɓen ma ai ba su daina ba. Sam Pollock ya ga akwai wani yaro Guy Lafleur da zai fito a 1971. Tun shekara guda kafin nan ya yi musaya da ƙungiyar California Golden Seals ya karɓi zaɓensu na farko. Da ya ga Los Angeles na neman ta fi su lalacewa ta ƙwace matsayin ƙarshe, sai ya tura wa Los Angeles gogaggen ɗan wasansa Ralph Backstrom don su farfaɗo. Seals suka ƙare a ƙasa, zaɓen farko ya faɗo hannun Montreal a shekarar da ita ce ma ta ɗauki kofi. Lafleur ya yi kaka shida a jere yana zura 50 ko fiye da maki 100 ko fiye, wato jimillar wanda ya zura da wanda ya taimaka aka zura. Wannan aljihu ne ko kai?

Garba Liverpool: Wannan Pollock ɗin da a Kantin Kwari yake da ya mallaki layi guda.

Hajiya Rabi (Laval): Sallama dai. Ina ta karantawa ina dariya. Ni ban san kofi nawa ba sai yau, abin da na sani shi ne wasan nan ya hana ni barcin safiyar Asabar shekara huɗu ke nan. Ɗana Mubarak tun yana aji biyu ya dawo gida ya ce shi kaɗai ne a ajinsu bai iya takalmin ƙanƙara ba. Yanzu ƙarfe shida na safe muna filin atisaye, sanyi kamar ya tsinke kunne, ni da kofin shayi a benci. Kayan kuwa kada ku tambaya: hular kwano, safar hannu, kariyar ƙirji, ta gwiwa, sanda, takalmi, kuma duk shekara ƙafa na ƙaruwa. Akwai wani shago da suka sayar mana takalmin da bai yi masa ba, da muka koma suka ce tunda an wasa ƙarfen ba sa karɓa. Tun daga nan na hannu nake saya. Amma Malam Sanusi maganarka gaskiya ce ta wani gefen. Maƙwabciyata tsohuwa ce, shekara uku muna gaisuwar nesa. Ranar da ta ga Mubarak da jar rigar nan mai harafin C da H, ita ta tsallako har ƙofarmu, ta ce mijinta marigayi yana cikin waɗanda suka bi layi don yi wa Maurice Richard ban kwana a 2000. Daga ranar muka zama 'yan uwa.

Abba Fagge: Sannu da ƙoƙari Anti. Shi wannan Richard ɗin wane ne, sarki ne?

Malam Sanusi (Montreal): Hajiya kin taɓo inda nake son zuwa. Allah ya raya Mubarak. Abba gyara zama, wannan sai da tsawo.

Ka san Quebec masu jin Faransanci ne suka fi yawa, amma a wancan zamanin kuɗi da manyan kamfanoni da kujerun ofis duk suna hannun masu Turanci. Bafaranshen Quebec shi ne lebura a masana'anta, shugabansa kuma da Turanci yake ba shi umarni a cikin garinsu. Ita kanta ƙungiyar, wanda ya kafa ta, Ambrose O'Brien, ba Bafaranshe ba ne, ya kafa ta ne don ta jawo 'yan kallo masu Faransanci. Sai abin ya fi ƙarfin kasuwanci, ta zama wurin da talakan nan yake ganin nasa ya fi kowa.

Maurice Richard ɗan unguwar talakawa ne a Montreal, ya yi aikin injin a masana'anta. Suna ce masa Rocket saboda yadda yake tunkarar raga. A kakar 1944 zuwa 1945 ya zura 50 a wasa 50, ba a taɓa yi ba. Shi ya fara kai 500 a tarihin gasar, ya ajiye sanda da 544 da kofi takwas. Mutum ne mai zuciya, abokan hamayya sun san haka, sai su riƙa zaginsa da asalinsa suna riƙe shi suna dukansa, in ya rama a hukunta shi. Ya taɓa rubutawa a jarida cewa shugaban gasar, Clarence Campbell, yana nuna wa 'yan Faransanci bambanci, aka tilasta masa ya ba da haƙuri ya daina rubutun.

Ranar 13 ga Maris 1955 a Boston, Hal Laycoe ya fasa masa kai da sanda. Richard ya ga jini ya haukace, ya bi shi da sanda, mataimakin alƙalin wasa ya riƙe shi, ya juya ya naushe shi. Laifi kam ya yi, ban wanke shi ba. Campbell ya dakatar da shi sauran kakar gaba ɗaya har da wasannin neman kofi, alhali yana kan gaba a yawan maki, abin da bai taɓa samu ba a rayuwarsa. Bayan kwana huɗu da faɗan, 17 ga Maris, Detroit ta zo Forum. An gargaɗi Campbell kada ya zo. Ya zo, ya zauna a kujerarsa. Aka fara jifansa da tumatir da ƙwai da takalma, wani ya mare shi, sai wani ya fasa barkonon tsohuwa a cikin filin. Aka kwashe mutane, aka ba Detroit wasan, jama'a suka fantsama titin Sainte-Catherine suna farfasa shaguna har tsakar dare. Washegari sai da Richard ya shiga rediyo da kansa, da Faransanci da Turanci, ya roƙi mutane su tsaya, ya ce ya karɓi hukuncin, zai dawo baɗi su ɗauki kofi.

Abokin wasansa Bernie Geoffrion ya wuce shi da maki ɗaya tak, 75 da 74, magoya bayan ƙungiyarsa suka yi masa ihu saboda ya wuce Richard. Detroit ta doke su a wasa na bakwai ta ɗauki kofin. Baɗin kuwa ya cika alkawari, kuma daga nan ne biyar ɗin nan a jere suka fara.

Mutane da yawa a nan suna ganin daren nan yana cikin abubuwan da suka share fagen sauyin da Quebec ta yi a shekarun 1960, lokacin da masu Faransanci suka karɓi ragamar lardinsu. Shi ya sa nake cewa in ka ƙirga kofi kawai ba ka fahimci ƙungiyar ba.

Dakta Hadiza (Ottawa): Malam ka ba da labarin da kyau, amma bari in ɗan rage masa gishiri. Masana tarihin Quebec ba su haɗu a kan wannan ba. Wasu suna ganin daga baya ne aka ɗora wa tarzomar ma'anar siyasa, bayan sauyin ya riga ya faru ana neman inda za a ce ya faro. A daren kansa da yawa daga masu fasa shaguna matasa ne da suka samu dama. Shi Richard ɗin ma ya sha faɗin cewa shi ɗan wasa ne kawai, ba ɗan siyasa ba. Kuma kada a manta ƙungiyar da ake kira ta Faransawa manyan ginshiƙanta da dama masu Turanci ne: Howie Morenz, Doug Harvey, Dickie Moore, Larry Robinson, Ken Dryden, da koci Scotty Bowman.

Malam Sanusi (Montreal): Na karɓi gyara Dakta, ilimi naku ne. Amma ni direba ne, abin da kunnena ya ji a bayan mota nake faɗa. Ranar da aka rufe Forum, 11 ga Maris 1996, da aka kira sunan Richard mutane suka miƙe suna tafi fiye da minti goma, shi yana tsaye yana share hawaye yana roƙon su zauna. Shekara 36 ke nan da ya daina wasa, mafi yawan masu tafin ba su taɓa ganin ya buga ba. Ko daga baya aka ɗora ma'anar, ai ta zauna.

Dakta Hadiza (Ottawa): Wannan kam ban musa ba. Sai dai abin yana da kaifi biyu. A 2011 da suka naɗa Randy Cunneyworth kocin riƙo, mutumin da ba ya jin Faransanci, hayaniyar da aka yi har 'yan siyasa suka sa baki, sai da shugabannin ƙungiyar suka ba da haƙuri. Saku Koivu ɗan Finland ya yi musu kyaftin shekara goma, ya yi jinyar ciwon daji ya dawo fili a 2002, duk da haka an samu masu yi masa gorin bai iya Faransanci ba. Sauran ƙungiyoyi suna neman koci a duniya duka, su kuwa sai cikin masu harshe biyu. Tarihin da Malam yake alfahari da shi yana cikin abin da ya ɗaure musu ƙafa.

Usaini Edmonton: Ga kuma dokar ƙayyade albashi tun 2005, kowa iyakar kuɗin da zai iya kashe wa 'yan wasa iri ɗaya ce. Ga haraji, ga sanyi, ga 'yan jarida da ba sa barin mutum ya sha iska. Ɗan wasa ya gwammace Florida, ya fito atisaye da gajeren wando ba wanda ya san shi. Ni na san zafin wannan, Florida ta doke mu a wasan ƙarshe 2024 ta sake 2025. Garin da ko ƙanƙara ba ta sauka.

Abba Fagge: Tsaya. Kana nufin Amurkawa ne suke cinye muku kofin wasanku?

Usaini Edmonton: Tun 1993 ɗin nan na su Malam, daga Vancouver a 1994 har mu a 2025, duk ƙungiyar Kanada da ta kai wasan ƙarshe faɗuwa ta yi. Sai dai ka sani 'yan wasan da ke cikin ƙungiyoyin Amurkan da yawansu 'yan Kanada ne, kofin yana zuwa ƙauyukansu yawo duk bazara, don kowane ɗan wasa ana ba shi kwana ɗaya da shi.

Garba Liverpool: Ni fa yanzu na gane inda na san sunan ƙungiyar nan. Ba ita ce ta George Gillett ba? Mutumin da shi da Tom Hicks suka sayi Liverpool a 2007 suka kusa kai mu ƙasa da bashi?

Malam Sanusi (Montreal): Ita ce Garba. Ya saye ta a 2001, ya sayar wa iyalan Molson a 2009. Ashe ni da kai mun taɓa zama 'yan gida ɗaya.

Garba Liverpool: To na shigo layinka Malam. Mu ma shekara 30 muka yi babu kofin lig, na san wannan ciwon.

Nazifi Toronto: Tunda an fara tara masu jaje, a ba Abba labarin Patrick Roy mana. Ko ni in bayar?

Malam Sanusi (Montreal): Bari in bayar da kaina, kai za ka sa yaji. Roy gola ne, yana ɗan shekara 20 ya ɗauko mana kofin 1986. A 1993 kuma ya yi abin da har yau ba a sake ba: wasa goma a jere da suka kai ƙarin lokaci, duk muka cinye. A hoki ƙarin lokacin neman kofi wanda ya fara ci shi ke nan an tashi, ka ga kuskure ɗaya ya isa. A wasan ƙarshe da Los Angeles ta su Gretzky, sun ci na farko, suna gaba 2 da 1 a na biyu saura ƙasa da minti biyu, sai kocinmu Jacques Demers ya ce alƙali ya auna sandar Marty McSorley. Aka auna, lanƙwasarta ta wuce ƙa'ida, aka fitar da shi minti biyu. Eric Desjardins, ɗan baya, ya farke, ya sake ci a ƙarin lokaci, dama shi ya ci na farkon. Los Angeles ba ta sake cin wasa ba.

Sai 2 ga Disamba 1995. Detroit ta zo tana ta zura mana, sabon koci Mario Tremblay, wanda dama ba sa ga maciji da Roy, ya ƙi cire shi har sai da aka zura masa tara, 'yan kallo na yi masa tafin ba'a in ya tare mai sauƙi. An tashi 11 da 1. Da aka cire shi ya wuce kocin, ya je wurin shugaban ƙungiyar Ronald Corey da ke zaune bayan benci, ya ce masa wannan ne wasansa na ƙarshe a Montreal. Bayan kwana huɗu aka sayar da shi Colorado, har da kyaftin Mike Keane a matsayin gyara. Wata shida bayan nan Colorado ta ɗauki kofi. Ya ƙara wani a 2001.

Nazifi Toronto: Kuma Colorado ɗin ita ce tsohuwar Nordiques ta birnin Quebec, babbar abokiyar gabarsu, da ta yi ƙaura a 1995. Wannan ne yajin da ka tsallake.

Malam Sanusi (Montreal): Allah ya shirye ka. Ka tuna 2021 dai, kuna gaba da wasa 3 da 1, muka dawo muka cinye uku a jere muka fitar da ku, muka wuce har wasan ƙarshe.

Nazifi Toronto: Inda Tampa Bay ta yi muku 4 da 1, baɗi kuma kuka zo na 32 cikin 32.

Sadiya Zariya: Ni tambayata ɗaya, akwai namu a cikin wasan nan kuwa, ko kallo kawai kuke yi kuna faɗa a kan kayan mutane?

Dakta Hadiza (Ottawa): Sadiya za ki ji daɗin amsar. Mutum na farko haifaffen Najeriya da ya buga NHL sunansa Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a Ontario, ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta. Akwai Akim Aliu haifaffen Okene. Babban cikinsu Jarome Iginla na Calgary, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya zura 625. A Montreal kuwa baƙar fatar da ya fi tashe shi ne P.K. Subban, iyayensa daga yankin Karibiyan suke. An zaɓe shi gwarzon 'yan baya a 2013, ya yi alkawarin tara dala miliyan 10 ga asibitin yara na Montreal a 2015, shekara ta zagayo suka musanya shi da Shea Weber na Nashville. Har yau akwai waɗanda ba su huce ba.

Sadiya Zariya: Abba ka ji ko? Har a kan ƙanƙara Zazzau ce gaba. Kawo mana Bakano ɗaya.

Abba Fagge: Mu sayar da ƙanƙarar muke yi da azumi, ba ma wasa da jari.

Hajiya Rabi (Laval): Hoton Subban ne a ɗakin Mubarak, duk da bai kai wayon ganinsa da rigar Montreal ba. Yanzu kuma ya ce shi gola yake so ya zama, kayan gola kuwa sun ninka na sauran tsada. Na ce masa a'a, kar a fasa maka fuska.

Malam Sanusi (Montreal): Hajiya fuskar kam ta tsira, kuma ɗan Montreal ne ya tsirar da ita. Da can gololi fuska a buɗe suke tsayawa. Ranar 1 ga Nuwamba 1959 a New York, Andy Bathgate ya buga faifan ya tsaga fuskar Jacques Plante. Aka ɗinke shi, ya ce ba zai koma ba sai da abin rufe fuskar da yake atisaye da shi. Koci Toe Blake ba ya so, yana ganin alamar tsoro ce, amma babu wani golan a benci, dole ya yarda. Suka ci wasan, suka jera wasanni ba a doke su ba, maganar ta mutu. Wannan Plante ɗin kuma saƙa yake yi da hannunsa, hulunan sanyinsa shi yake saƙa abinsa. Akwai ma dokar da aka canza saboda mu: da, wanda aka fitar minti biyu sai ya cika su ko an ci nawa. Béliveau ya zura wa Boston uku cikin daƙiƙa 44 a irin wannan damar a 1955, sai sauran ƙungiyoyin suka haɗu a 1956 suka ce da an ci ɗaya mai laifi ya dawo.

Usaini Edmonton: Ni abin da ba na iya musawa shi ne kakar 1976 zuwa 1977. Wasa 80, sun ci 60, canjaras 12, an doke su 8, a gida sau ɗaya tak. Boston ta wuce makinsu a 2023, 135 a kan 132, amma a wasa 82 kuma a zamanin da babu canjaras, sannan aka fitar da ita a zagayen farko. Su kuwa sun ƙarasa aikin.

Malam Sanusi (Montreal): Usaini Allah ya ba ku kofi, bayan mu. Abba, na ƙarshe: ƙanen Maurice, Henri Richard, ya ɗauki kofi 11 yana ɗan wasa, babu wanda ya kai shi. An haife shi 29 ga Fabrairu 1936, don haka ranar da ya ajiye sanda a 1975 kofunansa sun fi ranakun haihuwar da ya gani yawa.

Abba Fagge: To Baba na sauko rabi. Babban gida ne, na yarda, irin gidan da ake nuna wa baƙo a ce nan attajirin unguwa ya zauna. Sauran rabin sai ranar da kuka ɗauki na 25.

Malam Sanusi (Montreal): Yaran suna tasowa. Nick Suzuki kyaftin, Cole Caufield, Slafkovsky, ga Lane Hutson da aka zaɓa gwarzon sababbin shiga a 2025, kocinsu Martin St. Louis. Sun shiga zagayen neman kofi a 2025 tun kafin lokacin da aka yi musu zato.

Nazifi Toronto: Washington ta sallame su a wasa biyar. A riƙa ƙarasa zance Malam.

Hajiya Rabi (Laval): Ku dai ba kwa gajiya. Malam Sanusi, Asabar mai zuwa motarmu tana gareji kuma Mubarak yana da wasa ƙarfe bakwai na safe a Terrebonne. In kana aiki da asuba ka biyo ta nan, jakar kayan ba ta shiga bas.

Malam Sanusi (Montreal): In sha Allah Hajiya, shida da kwata ina ƙofa. Ki ce masa ya kai takalmin a wasa ƙarfen tun ranar Juma'a.